Daga Coci Zuwa Sakatariya: Yadda Kirista Ma'aikacin Gwamnati Ke Kokawa da Jaraba a Abuja

Tsakanin Cibiyar Kiristoci ta Ƙasa, wadda aka kammala gininta a 2005, da Sakatariyar Gwamnatin Tarayya tafiyar 'yan mintoci ce kawai. Amma duk ma'aikacin da ya taɓa fitowa daga sujada ranar Lahadi da niyyar gyara halinsa, sa'an nan ya iske wani fayil yana jiran sa hannunsa da safiyar Litinin, ya san cewa tazarar da ke tsakanin wuraren biyu ta fi ƙarfin awo da kilomita.

A watan Disamba ne wannan tazara ta fi fitowa fili. Shekarar kuɗi tana ƙarewa, ƙa'ida kuma ta ce kuɗin gudanarwar da ba a kashe ba su koma baitulmali. Sai ka ga tarurrukan ƙara wa juna sani sun yawaita, takardun tafiye-tafiye suna ta yawo daga tebur zuwa tebur, ana neman rasit ido rufe. A gida kuma Kirsimeti ta ƙarato, 'yan uwa a Kafanchan ko Langtang ko Michika suna sa ran buhun shinkafa, kuɗin makarantar yara na jira a Janairu, mai gidan haya a Kubwa ko Mararaba yana son kuɗin shekara guda cif a dunƙule. Jarabar da ake wa'azi a kanta a majami'a takan zo wa ma'aikaci ne cikin wannan kama, a rubuce bisa takarda mai tambarin gwamnati, kuma sau da yawa wanda ya kawo ta mutum ne da suke rera waƙa tare a zumuntar Kiristocin ma'aikata ta ofis.

Kalmar kanta tana da fuska biyu a Hausa. Idan aka ce wane yana da jaraba, ana nufin akwai abin da ransa ya kasa haƙura da shi, ko taba ko caca ko mata. Idan kuwa aka ce gwaji, ana nufin abin da ya zo wa mutum daga waje don a ga ƙarfinsa. Masu karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa, wanda aka fara buga shi cikakke a 1932 bayan doguwar wahalar Dakta Walter Miller da abokan aikinsa, sun saba da kalmomin biyu, sun kuma san koyarwar Wasiƙar Yakubu cewa Allah ba ya ingiza kowa ga mugunta, sha'awar da ke cikin mutum ce take jan sa. Maganar ba ƙarama ba ce ko a Turai: a 2017 Katolikan Faransa suka sauya lafazin roƙon da ya shafi gwaji a cikin Addu'ar Ubangiji, na Italiya suka bi sahu bayan 'yan shekaru, duk don kada a ɗauka cewa Allah ne ke kai bawansa ga faɗuwa. A ofis ma haka lamarin yake. Ambulan daga waje yake zuwa, amma hannun da ya karɓa na mutum ne.

Girman abin ba ɓoyayye ba ne. Rahoton da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2024 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka ya ƙiyasta cewa a 2023 kaɗai an bai wa jami'an gwamnati cin hanci na tsabar kuɗi kimanin naira biliyan 721. A Fabrairun 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta sanar da cire sunaye 23,846 na ma'aikatan bogi daga jerin masu karɓar albashi, abin da ya rage wa gwamnati sama da naira biliyan 2 a kowane wata. Sunayen nan ba daga sama suka faɗo ba. Wani ne ya shigar da su, wani ya duba, wani ya amince, kuma kowannensu ya yi sujada ranar Lahadi ko ya yi sallar Juma'a. An kafa ICPC a 2000, EFCC ta biyo baya, an kawo tsarin biyan albashi na IPPIS a 2007, an tilasta amfani da asusun bai ɗaya na TSA a 2015. Kowanne ya toshe wata kafa, amma babu na'urar da aka ƙera da za ta iya hana mutum biyu haɗa baki.

Akwai labarin da ya kamata kowane mai taimaka wa babban jami'i ya sani, domin kusan a kansa aka rubuta shi. A Littafin Sarakuna na Biyu, sura ta 5, Na'aman, shugaban sojojin Suriya, ya warke daga kuturta ta hannun annabi Elisha. Ya kawo kyauta mai yawa, annabi ya ƙi karɓa. Gehazi, baran Elisha, yana tsaye yana kallon dukiya tana komawa inda ta fito. Sai ya bi bayan baƙon a guje, ya ce maigidansa ne ya aiko shi, wai an yi baƙi biyu daga cikin almajiran annabawa, a taimaka da azurfa da tufafi. Na'aman ya ba shi ninkin azurfar da ya roƙa. Gehazi ya ɓoye kayan, ya dawo ya tsaya gaban maigidansa, aka tambaye shi inda ya je ya ce bai je ko'ina ba. Ƙarshensa kuturtar Na'aman ta koma kansa.

Abin lura a nan shi ne Gehazi bai fasa akwati ba, bai tare hanya ba. Sunan maigidansa ya sayar. Wanda ya taɓa zama a ɗakin jira na ofishin minista ko na babban sakatare ko na ɗan majalisa ya san darajar kalmomin nan uku, "Oga ya ce". Da su ake ɗaga fayil daga ƙasa zuwa sama, da su ake shigar da ɗan kwangila ta ƙofar baya, da su ake karɓar abin da ogan bai ma san an karɓa ba. Mai taimaka wa babba ba shi da ikon sa hannu, amma shi ke riƙe da ƙofa, da wayar salula, da jadawalin ganawa. Kuma hujjar da Gehazi ya ba kansa ita ce wadda ake ji har gobe: mutumin nan mai kuɗi ne, da kansa ya kawo, ba zai ji a jikinsa ba, idan ban karɓa ba wani zai karɓa.

Dokar ƙasa ta riga ta yi magana a kan wannan. Ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata da ke Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 sun haramta wa jami'in gwamnati neman wani abu ko karɓarsa saboda aikin da ya yi ko ya ƙi yi a bakin aikinsa. Abin da aka yarje masa shi ne kyautar dangi da abokai ta al'ada. To, a nan ne wayo yake shigowa, domin a Abuja ɗan kwangila yakan zama aboki cikin mako guda, ragon Kirsimeti kuma ba ya zuwa da rubutu a goshinsa. Ma'aunin da ya fi sauƙi shi ne mutum ya tambayi kansa: da an ɗauke ni daga wannan kujera jiya, ragon zai zo gidana yau?

Kada a ɗauka ina magana ne daga kan tudu. Aikin jarida ma yana da nasa ambulan, ana kiran sa kuɗin mota. A farkon shigata aikin na taɓa karɓa bayan wani taron manema labarai, na gaya wa kaina cewa ai ba zai canza abin da zan rubuta ba. Da na zauna rubutu sai na ga akwai tambaya ɗaya da ya kamata ta shiga labarin, na bar ta a waje. Ba wanda ya ce in cire ta. Kuɗin bai kai na cefanen mako ba, amma ya yi aikin da aka aiko shi.

Misalin da ya fi kusa da mu na wadda ta tsaya a irin wannan mararraba ita ce marigayiya Farfesa Dora Akunyili, 'yar Katolika da ba ta ɓoye bangaskiyarta. Lokacin da take aiki da Asusun Rarar Man Fetur, PTF, a shiyyar Kudu maso Gabas, an ba ta kuɗi ta je ƙasar waje a yi mata tiyata. Likitocin can suka duba suka ce ba ta buƙatar aikin. Ta dawo ta mayar wa hukumar fam 12,000. Shugaban PTF na lokacin, Janar Muhammadu Buhari, ya rubuta mata takardar yabo. A lura da yanayin: an riga an amince da kuɗin, an fitar da su, ba mai binciken da zai bi ta asibiti ya tambaya ko an yanka ta. Babu ɗan kwangila, babu wanda aka zalunta a fili. Irin wannan ce jarabar da ta fi yawa a aikin gwamnati, ragowar kuɗin tafiya, kwana biyar da aka biya alhali taron ya ƙare a kwana uku.

Wannan labari na cikin abin da ya kai sunanta gaban Shugaba Olusegun Obasanjo, wanda ya naɗa ta shugabar NAFDAC a 2001. Wanda zai tsaya a nan zai ce gaskiya ta biya ta. Amma sauran labarin ya fi nauyi. Yaƙin da ta yi da masu jabun magunguna, wanda rasuwar ƙanwarta Vivian sakamakon jabun allurar ciwon sukari ta ƙara wa zafi, ya sa a Disambar 2003 'yan bindiga suka buɗe wa motarta wuta a Jihar Anambra, harsashi ya huda ɗankwalinta. A 2004 aka ƙona gine-ginen hukumar a Legas. Da ta zama Ministar Yaɗa Labarai kuma sai jarabar ta sake kama. Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya tafi jinya Saudiyya a Nuwambar 2009, makonni suka shuɗe babu wanda aka miƙa wa ragama, majalisar ministoci ta yi gum. A farkon Fabrairun 2010 ta gabatar wa takwarorinta takarda tana neman a faɗa wa ƙasa gaskiya a kuma bai wa Mataimakin Shugaban Ƙasa damar riƙo. An yi mata ca a zauren. Bayan 'yan kwanaki Majalisar Tarayya ta ayyana Goodluck Jonathan a matsayin muƙaddashi. Ana iya saɓawa da ita a siyasa, an kuma saɓa, amma a ranar ba kuɗi aka ajiye mata a tebur ba. Abin da aka nema daga gare ta shi ne ta yi shiru kamar kowa.

Shirun nan, a ganina, shi ne jarabar da ta fi kama mutanen kirki. Waliyyi Agustin, ɗan Arewacin Afirka da aka haifa a shekara ta 354 a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, ya ba da labarin yadda yana ɗan shekara 16 shi da abokansa suka sace 'ya'yan itacen maƙwabci, ba don yunwa ba, har suka zubar wa aladu. Da ya girma ya yi ta juya abin a ransa, ya kai ga cewa da shi kaɗai ne da bai yi ba. A ofis ana kiran abin rabo. Ba kai ka tsara ba, ba kai ka sa hannu ba, an dai kawo maka naka a ambulan da yammacin Juma'a. Idan ka ƙi, ka zama ɗan leƙen asiri. Tafiye-tafiye za su daina zuwa teburinka, za a iya tura ka sashen da ba a ajiye ko fayil guda, sunanka kuma ya zama Fasto, ba don girmamawa ba.

Tsoron ba na banza ba ne. A Disambar 2016 gwamnati ta fito da manufar tsegunta ɓarna, da ladan kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari na abin da aka ƙwato. Amma manufa daban, kariya daban. Ntia Thompson, mataimakin darakta a wata hukuma da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Waje, ya kai rahoton almundahana a 2016, a farkon 2017 aka raba shi da aikinsa, sai da ƙungiyoyi da jaridu suka yi ta surutu kafin a mayar da shi. A ɗaya gefen kuma ma'aikata ba su manta da Janairun 2013 ba, lokacin da wani babban jami'in Ofishin Fanshon 'Yan Sanda ya amsa laifi a shari'ar biliyoyin naira, kotu ta ba shi zaɓin tarar naira 750,000, ya biya nan take. Sai a 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta mayar da hukuncin ɗaurin shekara shida tare da biyan naira biliyan 22.9, Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2022. Ƙaramin ma'aikacin da ya ga waɗannan biyun ya yi lissafinsa tun kafin mai wa'azi ya buɗe baki.

Ga kuma batun albashi, wanda wa'azi mai gaskiya ba zai tsallake ba. A Bisharar Luka, sura ta 3, masu karɓar haraji da sojoji sun tambayi Yahaya Mai Baftisma abin da za su yi. Bai ce su ajiye aiki ba. Ya umarci masu haraji kada su ƙara ko anini a kan abin da aka ƙayyade, sojoji kuma kada su yi ƙwace ko ƙage, su tsaya a kan albashinsu. Umarni ne mai wuyar haɗiya ga wanda ke tasowa daga Masaka ko Suleja tun asuba, bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 ya ninka kuɗin mota, mafi ƙarancin albashi kuma naira 70,000 ne tun Yulin 2024. Sai dai Littafin da ya ce wa ma'aikaci ya tsaya a kan haƙƙinsa shi ne kuma ya yi tir da mai riƙe ladan ma'aikaci. Gwamnatin da ke jinkirta kuɗin ƙarin girma da haƙƙin 'yan fansho tana da nata kason a cikin zunubin. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Amma talauci bai isa ya bayyana komai ba, tun da manyan shari'o'in da muka gani ba na masinja ba ne ko na direba.

Ikkilisiya ma sai ta duba kanta. Tun 1998 bishof-bishof na Katolika suka tsara addu'ar yaƙi da cin hanci da rashawa da ake yi a majami'u, kuma da wuya a sami ɗarika, ko ECWA ko COCIN ko EYN ko Anglikan, da ba a yi wa'azi a kan wannan ba. Amma ranar bikin godiyar kaka ko tara kuɗin gini, wa ake kira ya zama babban baƙo? Darakta ne, kuma ana sa ran ya faɗi adadin da kowa a wurin ya san ya zarce albashinsa na wata uku. A tafa masa, a sa masa albarka, ba wanda zai tambaya. Dattijon da ya yi shekara 35 yana aiki ya fita da gida ɗaya a Karu yana zaune a bencin baya. Yara suna kallo, suna kuma koyon wanne ne Allah ya yi wa albarka. Haka dangi: wanda ya riƙe muƙami ya sauka hannu wofi ba a ce masa mai gaskiya a ƙauye, ana ce masa wawa.

Akwai wata jarabar da ba ta shafi kuɗi ba, ba a kuma cika son ambatonta ba. Tsadar haya ta sa da yawa sun bar iyali a Jos ko Kaduna ko Yola, suna zaman gwauro a Abuja daga Litinin zuwa Juma'a. Ga tarurruka a otal, ga ƙananan ma'aikata da masu yi wa ƙasa hidima da makomarsu ke hannun oga. A labarin Yusufu da matar Fotifar, Yusufu ne ƙarami, mai iko ce ta matsa masa, kuma bai tsaya muhawara ba, ya bar rigarsa ya gudu, ya kuma sha kurkuku a kan haka. Babban jami'in da ke karanta labarin yana ɗaukar kansa Yusufu ya kamata ya sake duba kujerar da yake zaune a kai.

To, me ke taimaka wa mutum ya tsaya? Koyarwar Kirista ta ce ba ƙarfin hali kaɗai ba ne, alherin Allah ne, Manzo Bulus kuma ya tabbatar wa Korantiyawa cewa babu gwajin da ke zuwa ba tare da mafita ba. Sai dai mafitar a ofis takan zama abu mai sauƙin gani. Ƙi na farko shi ne mafi arha: wanda ya ƙi a watansa na farko a sabon sashe, an san shi, ba a sake kawo masa; wanda ya karɓa sau uku sa'an nan ya tuba, akwai masu riƙe da sirrinsa. Idan umarni ya zo da baki kuma yana wari, ma'aikaci yana da damar roƙon a rubuta shi a fayil, cikin ladabi, kuma abin mamaki ne yawan umarnin da kan mutu a wannan gaɓa. Wanda matarsa ko mijinta ya san ainihin abin da ke shigowa kowane wata yana da mai tsaro a gida. Ƙungiyar adashen ma'aikata ta ceci mutane da yawa daga ranar da kuɗin haya zai sa su sa hannu a abin da ba su yarda da shi ba. Nehemiya, wanda ya yi shekara 12 yana gwamnan Yahuza bai karɓi abincin da aka ware wa gwamna ba, ya lura cewa barorin gwamnonin da suka gabace shi ma sun danne jama'a. Ogan da ya tsare hannunsa ya sauƙaƙa wa duk na ƙasa da shi.

Wanda kuma ya riga ya faɗi fa? Nan ne koyarwar ta fi tsauri fiye da yadda ake so a ji. Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, babban jami'in kuɗin shiga ne a zamaninsa. Da Yesu ya sauka a gidansa, bai tsaya ga hawaye ba: ya yi alkawarin rabin dukiyarsa ga matalauta, da mayar da ninki huɗu ga duk wanda ya cuta. Zuba wani kaso a akwatin baiko ba ya wanke sauran, domin kuɗin ba na ikkilisiya ba ne, na ɗan fanshon da ya mutu yana jiran haƙƙinsa ne, ko na asibitin da ba a kai wa magani ba.

Hanyar mayarwa kuwa a buɗe take, ba ta ma buƙatar dogon bayani. Ma'aikacin da ya dawo daga tafiyar kwana uku da kuɗin kwana biyar a aljihu zai iya zuwa sashen kuɗi, a fitar masa da lambar biya ta Remita, ya zuba ragowar a asusun gwamnati, ya liƙa rasit ɗin a takardar bayanin kashe kuɗinsa. Mai yiwuwa akawun ya ɗaga kai ya dube shi sau biyu, ya tambaye shi ko lafiya. Kafin a tashi aiki labarin ya zagaye hawa uku na ginin, kuma tafiyar Janairu ba lallai ne sunansa ya fito a cikinta ba.